Me Ya Sa Kanawa Suka Rungumi Kwandon NNPP A Zaɓen 2023?

A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, 2023, jihar Kano ta bi hanyarta ita kaɗai. Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso na jam'iyyar NNPP ya samu ƙuri'u 997,279, Bola Tinubu na APC ya samu 517,341, Atiku Abubakar na PDP kuwa ya tashi da 131,716. Babu wata jiha da NNPP ta ci sai Kano, kuma kusan kashi biyu cikin uku na ƙuri'un Kwankwaso a faɗin ƙasar daga nan suka fito. Me ya sa Kanawa suka zuba ƙuri'unsu ga wanda hanyarsa ta zuwa fadar Aso Rock take da ƙunci haka?

Amsar farko tana cikin tarihi. Tun kafuwar NEPU a 1950, siyasar Kano ta ginu a kan mutum da aƙidarsa fiye da tambarin jam'iyya. A 1979 Kanawa sun zaɓi Malam Aminu Kano na PRP alhali ƙasar ta karkata ga NPN. A 1993 sun fifita Abiola a kan ɗansu Bashir Tofa. Ƙuri'u sama da miliyan 1.9 da APC ta samu a 2015 na Buhari ne, kuma da ya sauka daga takara, jam'iyyar ba ta gaje su ba.

Na biyu, ayyukan da ido ya gani. A wa'adinsa na biyu, daga 2011 zuwa 2015, Kwankwaso ya tura 'ya'yan talakawa karatu ƙasashen waje, ya kafa Jami'ar Northwest, ya gina gadar sama ta Ƙofar Nasarawa, ya ɗauki nauyin auren zawarawa. Gidan da aka tura ɗansa karatu ba ya buƙatar mai tallata masa ɗan takara. Waɗannan matasa su ne jijiyar Kwankwasiyya, kuma jar hularsu ta kai saƙo lungunan da kuɗi ba sa isa.

Na uku, fushi. Magoya bayan Abba Kabir Yusuf ba su manta da zaɓen gwamna na 2019 ba, wanda aka ce bai kammala ba, aka sake shi a wasu mazaɓu kamar Gama. Sai rarraba masarautar Kano a 2019 da tsige Sarki Muhammadu Sanusi II a 2020. A kan wannan kuma ƙarancin takardun naira ya zo gab da zaɓe, ya durƙusar da kasuwannin Kwari da Singa. Ƙuri'ar Fabrairu ta zama share fagen ƙwace gidan gwamnati a watan Maris, kuma haka aka yi.

Sai dai akwai adadin da ya fi waɗannan nauyi. A 2023, Kano na da masu rajistar zaɓe kusan miliyan 5.9, amma waɗanda suka fito ba su kai miliyan biyu ba. Mafi yawan Kanawa gida suka zauna. Duk jam'iyyar da ke kwaɗayin Kano nan gaba, to ta fara da tambayar abin da ya sanyaya gwiwar waɗannan miliyoyi, domin su ne suka fi kowane ɗan takara yawa.