Sanya Kati a Na'urar Rarraba Intanet da Gano Matsalarsa

1.0 Gabatarwa

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Saboda haka, malamin da aka tura Daura, ko Baure, ko Mai'aduwa, ko Sandamu, ko Zango yana bukatar sanin yadda ake kula da rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet ga kwamfutocin makaranta. Idan ta tsaya, darasi ya tsaya, kuma mai gyara yana iya kasancewa a Katsina ko Kano.

1.1 Ire-iren Kati

Kati iri biyu ne. Na farko shi ne sim, wanda ake sanya wa ƙaramar rauta. Na biyu falle ne na lantarki da ake zurawa cikin gurbin babbar rauta, irin ta kamfanin Cisco, domin ƙara mata kafofin waya.

1.2 Matakan Sanyawa

(a) A kashe na'urar, sai fa idan littafinta ya yarda a sanya kati tana kunne.
(b) A ɗaura igiyar hannu mai zubar da lantarkin jiki zuwa ƙasa. Bushewar iskar hunturu tana tara wannan lantarki, kuma yana iya lalata kati.
(c) A riƙe katin ta gefensa, a zura shi a hankali har ya zauna, sannan a ɗaure kusoshinsa.
(d) A rufe guraben da babu kati, domin iskar fanka ta bi hanyarta, ƙura kuma ta ragu.

1.3 Gano Matsala

Ƙa'idar ita ce a canza abu ɗaya a lokaci guda. Idan fitilar katin ba ta kama ba, a cire shi a sake zurawa. Idan bai yi ba, a gwada shi a wani gurbi: in ya yi aiki can, laifin gurbin farko ne, in ya ƙi, a zargi katin ko tsohuwar manhajar da ba ta gane shi ba. Game da sim kuwa, a duba data, a kuma tabbatar an haɗa shi da lambar NIN, kamar yadda gwamnati ta umarta a Disambar 2020. Na'urar da ke mutuwa da tsakar rana a watan Afrilu, galibi zafi ne ya dame ta.

1.4 Auna Fahimta

1. Me ya sa hunturu ke da haɗari ga kati?
2. Bayyana hikimar canza abu ɗaya a lokaci guda.