Raɗe-raɗin Maguɗi Wajen Ɗaukar Matasan 'Yan Ƙwallo

Ɗauko yaro daga filin unguwa a kai shi babban kulob harka ce mai dokoki. Dokokin sun tsaya ne a kan shekarun yaron, da ƙungiya ko makarantar da ke riƙe da rajistarsa, da kuɗin da ya halatta a ba shi ko a karɓa a kansa. A Kano, inda hirar ƙwallo ba ta yankewa a teburin mai shayi da gidajen kallo, da wuya a kammala gasar matasa ba a ji ana cewa wata ƙungiya ta taka ɗaya daga cikin dokokin nan ba. Mafi yawan maganganun a baki suke ƙarewa. Kaɗan ne ke isa gaban kwamiti, waɗanda ake tabbatarwa kuwa ba su taka kara sun karya ba.

Ƙaramar hukumar Fagge tana tsakiyar wannan harka. A Sabon Gari filin wasa na Kano Pillars yake, kulob ɗin da aka kafa a 1990, wanda ya ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008, ya kuma jera uku a 2012 da 2013 da 2014. Manyan wasannin Pillars, wato Sai Masu Gida, a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata ake yin su, amma filin Sabon Gari da filayen makarantun da ke kewaye da shi su ne inda ƙananan ƙungiyoyi ke atisaye, nan ne kuma masu farautar 'yan wasa ke zuba ido. Unguwa ce ta 'yan kasuwa, ga Kantin Kwari ga kasuwar Sabon Gari, ba kuma baƙon abu ba ne ɗan kasuwa ya ɗauki nauyin kulob ɗin unguwa, ya sayi riguna da takalma, yana fatan wata rana ɗaya daga cikin yaran ya haye. Kano ce ke karɓar baƙuncin gasar Ramat, wadda ƙungiyar YSFON ke shirya wa yara don tunawa da Janar Murtala Ramat Muhammad. Duk inda yara masu hazaƙa da masu kuɗi da dillalai suka taru haka, zargi ba ya nisa.

Zargin da ya fi kowanne yawa shi ne na rage shekaru. Dalilinsa a fili yake. Saurayi ɗan shekara 21 da aka saka cikin 'yan ƙasa da 17 ya fi su ƙashi da gudu da sanin wasa, don haka koci zai ci kofi, ejan kuma zai sami hajar da Turawa ke so, tunda kulob ɗin Turai ya fi biyan kuɗi a kan wanda yake ganin yana da sauran shekaru masu yawa a gaba. Yaron ma ba a rasa abin da za a faɗa masa: kowa haka yake yi, in bai rage ba wani zai rage ya karɓe gurbinsa. Har ta kai 'yan wasa da yawa suna da shekaru iri biyu, na gida da na ƙwallo.

Abin da ya sa hakan ke da sauƙi shi ne raunin rajistar haihuwa. Tun 1992 doka ta wajabta yi wa kowane jariri rajista a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, amma har yanzu yara masu ɗimbin yawa, musamman waɗanda aka haifa a gida, ba su da takardar. Idan buƙata ta taso, sai a je kotu a yi takardar rantsuwa, wanda ya yi rantsuwar ya faɗi shekarar da ya ga dama, da ita kuma a nemi fasfo. Daga nan takardar ta zama ta hukuma, ba wanda zai ce ta jabu ce. Abokan karatun firamare za su iya rantsuwa cewa tare suka gama aji shida da wane, amma shaidarsu ba ta da nauyin fasfo a gaban kwamitin gasa.

Nijeriya ta taɓa ɗanɗana kuɗarta a kan wannan. A 1989 hukumar FIFA ta dakatar da ƙasar daga gasannin matasa na tsawon shekara biyu, bayan an gano cewa ranakun haihuwar 'yan wasa uku da aka kai gasar Olamfik ta 1988, wato Samson Siasia da Andrew Uwe da Dahiru Sadi, sun saɓa da waɗanda aka bayar a gasannin baya. An kuma ƙwace damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991 aka ba Fotugal. Sai a 1999 Nijeriya ta sami wannan dama, Kano na cikin biranen da aka buga wasannin.

A gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2009, wadda ita ma Nijeriya ta karɓi baƙuncinta har aka buga wasanni a Kano, FIFA ta shigo da gwajin na'urar MRI. Ana ɗaukar hoton wuyan hannun hagu ne a duba gaɓar da ƙashi ke tsawo ta wurinta. A jikin yaro wurin a buɗe yake, yana rufewa a hankali har ya haɗe. Likitocin FIFA sun kasa haɗewar mataki shida, suka ce wanda ya kai mataki na shida kusan tabbas ya haura 17. Kafin a fara gasar, 'yan wasa 15 aka sallama daga sansanin Golden Eaglets, tawagar Nijeriya ta 'yan ƙasa da 17. A 2016 abin ya fi muni: 26 suka faɗi gwajin ana dab da wasan share fage da Nijar. Ragowar yaran sun ci 1-0 a Abuja, aka doke su 3-1 a Yamai, ƙasar da ke riƙe da kofin duniya ta zauna a gida. Ba Nijeriya kaɗai ba ce. Hukumar CAF ta hukunta Gini bayan gasar Afirka ta 2019, Kamaru kuma ta sallami 21 cikin 30 a shirin wata gasa ta farkon 2023.

Gwajin yana da iyakarsa. Ba ya faɗin ranar haihuwa, kuma ƙashin wani yaro yakan riga na tsaransa haɗewa, don haka faɗuwa gwaji ba hujja ce ta ƙarya a kan kowane mutum ba. Yana da tsada, ƙungiyar unguwa ba ta iya biya, ba ya kuma aiki ga 'yan ƙasa da 20. A gasar unguwa da ta makarantu har yau ido ne ma'auni: jami'i ya dubi gemu da ƙwauri ya ce wannan ya wuce, wancan ya shiga. Ɗan gajeren mutum mai ƙuruciyar fuska yakan sha, dogon yaro mai gaskiya a kore shi. Kofunan duniya biyar da Nijeriya ta ci a matakin 'yan ƙasa da 17, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, sun fi na kowace ƙasa, amma babbar tawagar ƙasar ba ta taɓa wuce zagaye na biyu a gasar cin kofin duniya ba, wannan giɓi ne ke ƙara wa masu zargi ƙarfi. Ya kamata dai a lura cewa biyun ƙarshe an ci su ne bayan zuwan na'urar.

A makarantu kuwa, sojan haya ake zargi. Makaranta takan ɗauko ɗan wasan kulob wanda bai taɓa zama a ajinta ba, a ɗinka masa yunifom, a buga masa katin shaida, ya buga gasa ya koma inda ya fito. An daɗe ana irin wannan ƙorafi a gasar jami'o'i ta NUGA, wadda aka fara a Ibadan a 1966, shi ya sa tantance lambar rajista da katin ɗalibi ya zama babban aiki kafin a busa usur. Ɗalibin gaskiya da aka ajiye a benci shi ne ya yi asara.

Sai batun kuɗi da dillalai. Doka ta 19 ta ƙa'idojin musayar 'yan wasa na FIFA ta hana fitar da wanda bai kai 18 ba zuwa kulob ɗin wata ƙasa, in ban da wasu 'yan keɓantattun dalilai, kamar iyaye su yi ƙaura don wani abin da bai shafi ƙwallo ba. Manya ma sun sha hukunci a kanta: Barcelona a 2014, Real Madrid da Atletico Madrid a 2016, Chelsea a 2019, duk an hana su sayen 'yan wasa na wani lokaci. Yadda dokar ke aiki in an bi ta, Kanawa sun gani a kan Ahmed Musa. Ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, kulob ɗin VVV-Venlo na Holan ya ɗauke shi, amma sai da aka jira ya cika 18 ranar 14 ga Oktoba, 2010 kafin ya fara buga musu wasa. Ejan na bogi ba ya wannan jira. Yakan zo da takardar gayyata mai tambarin wani kulob, ya karɓi kuɗin biza da na jirgi daga iyayen da suka sayar da fili ko jarin shago, yaron ya tsinci kansa a wata ƙasa ba kulob ba kuɗin komowa.

Akwai wata asarar da masu ƙananan ƙungiyoyi ba su cika lura da ita ba. Ƙa'idar FIFA ta ba ƙungiyoyin da suka reni ɗan wasa tun daga shekara 12 haƙƙin diyyar horarwa idan ya sa hannu a kwantiraginsa na farko, da kuma rabo daga kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayar da shi idan aka yi cinikinsa tsakanin ƙasashe. Ana lissafin ne da tarihin rajistar ɗan wasan, shekara bayan shekara. Idan aka yanke wa yaro shekara huɗu, ko aka sake masa suna, to an share shekarun da ya yi a kulob ɗin unguwa ke nan. Wanda ya ciyar da shi ya saya masa takalmi a Fagge ba shi da abin da zai nuna, ko da yana kallon yaron a talabijin.

Zargin cewa sai an ba koci na goro kafin a saka yaro a tawaga ya fi kowanne wuyar kamawa, domin mai bayarwa da mai karɓa duk ba sa son a ji. Wanda ya fito fili shi ne na 2018, lokacin da ɗan jaridar Gana Anas Aremeyaw Anas ya fitar da hoton bidiyo na Salisu Yusuf, tsohon kocin Pillars kuma kocin tawagar ƙasa ta 'yan wasan gida, yana karɓar kuɗi daga 'yan jaridar da suka yi shigar ejan. Ya ce kyauta ce, ba ta kuma shafi zaɓen 'yan wasansa ba. Hukumar NFF ta dakatar da shi shekara ɗaya, ta ci shi tarar dala 5,000.

A Amurka ma ana wannan rigima, sai dai a jami'o'i take, kuma a kan kuɗi. Can wasan da ya fi tara jama'a shi ne ƙwallon Amurka mai kama da zari-ruga, kuma jami'o'i ne ke renon 'yan wasan da za su shiga gasar ƙwararru. Filin Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum sama da 100,000. Tsohuwar dokar hukumar NCAA ta ce ɗalibi ɗan wasa ba shi da komai sai kuɗin karatu da masauki da abinci, alhali jami'ar da kocinta suna kwasar miliyoyin daloli. Sai attajirai magoya baya suka riƙa bi ta bayan fage, mota ga wannan, gida ga iyayen wancan, don a jawo gwanin sakandare. Jami'ar SMU ta Dalas an soke mata kakar 1987 ɗungurungum saboda biyan 'yan wasa a ɓoye, ba ta kuma iya buga ta 1988 ba. A 2010 an hukunta Jami'ar USC a kan kyaututtukan da Reggie Bush da iyalinsa suka karɓa, har ya mayar da kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasa. Daga baya dokar ce ta karye. Tun Yulin 2021 aka halatta wa ɗalibai samun kuɗi da sunansu da hotonsu, a 2024 aka mayar wa Bush kyautarsa, a 2025 kuma kotu ta amince jami'a ta riƙa raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20 a shekara. Raɗe-raɗin bai mutu ba, ya koma kan zawarcin ɗan wasan wata jami'a a asirce.

Bambancin shi ne Amurkawa sun iya kashe rabin matsalarsu ta hanyar halatta abin da suka kasa hanawa. Rage shekaru ba ya halattuwa, domin gasar 'yan ƙasa da 17 ba ta da ma'ana in ba 'yan ƙasa da 17 ne a fili ba. Can kuma mai bincike yana da abin bi: takardun banki, rajistar makaranta, saƙonnin waya. A Kano ƙungiyar da ta shigar da ƙorafi ita ce za ta kawo hujja cikin ƙurarren lokaci, hujjar kuwa galibi babu ita a rubuce. Don haka mai laifi yakan tsira, mai gaskiya kuma ba shi da abin wanke kansa, jita-jitar ta bi shi har ya yi ritaya.

Lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ta ɗan ƙuntata hanyar, tunda sauya ranar haihuwa bayan an shiga rumbun hukuma ba abu ne mai sauƙi ba, amma ita ma abin da aka faɗa mata ranar farko take riƙewa. Takardar da ba ta da ja ita ce wadda aka yanka wa yaro yana jariri, tun ba a san zai taɓa ƙwallo ba. Iyayen da 'ya'yansu ke buga wasa a Fagge da Sabon Gari, da masu ƙungiyoyin da ke renon su, su tabbata yaro yana da wannan takarda, a kuma yi masa rajista da sunan kulob ɗinsa a hukumar ƙwallo ta jiha. Duk ejan da ya zo da maganar Turai a nemi lasisinsa kafin a ba shi ko kwabo, domin tun 2023 FIFA ta shigo da jarrabawa da lasisi ga masu wannan sana'a, sunayen waɗanda ta ba lasisin kuma suna shafinta na intanet.