Yadda Masu Bincike Ke Buɗe Kullalliyar Waya

A ranar 30 ga Yuli, 2015, aka kama Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, a Marwa, babban birnin yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, inda garin Maga yake. Kotun soja a Yawunde ta yanke masa ɗaurin shekara 10 a Afrilun 2017, amma bayan ɗaukaka ƙara aka sake shi a Disamban shekarar. Rahoton ƙwararru kan na'urorinsa yana cikin abin da aka yi ta jayayya a kai. Saboda haka ɗalibin da zai yi aikin jarida ko tafinta a kotu ya kamata ya san yadda ake wannan bincike.

Kalmar "kulle" kan rikita mutane, domin wayar zamani kulle biyu gare ta. Na farko shi ne lambar sirri. Na biyu shi ne jirkita bayanan ciki ta yadda ba sa karantuwa sai da mabuɗin da aka ɗaure da wannan lamba. Apple ya tsaurara wannan tsari a 2014. Ke nan ko an farke wayar an ciro ma'adanarta, shirme za a tarar.

To, yaya ake shiga? Lamba mai alƙaluma 4 tana da fuska 10,000 kacal, mai 6 kuwa miliyan ɗaya. Kwamfuta za ta iya gwada su duka, sai dai wayar kan jinkirta mutum in ya yi ta kuskure, wata ma ta goge kanta bayan kuskure 10. Na'urori irin su UFED na kamfanin Cellebrite na Isra'ila, da GrayKey na Amurka, suna neman ɓaraka ne a manhajar wayar don su tsallake wannan shinge. Wayar da aka buɗe ko sau ɗaya tun da aka kunna ta ta fi sauƙin shiga, domin wasu mabuɗan suna nan a farke.

Sai dai a lura, na'urar tana nuna abin da ke cikin waya ne kawai, ba ta faɗin wanda ya rubuta shi. A nan nake ganin mai fassara rahoto ya fi bukatar natsuwa: "an samu a wayarsa" daban, "shi ya aika" daban. A ƙauyukan masunta da manoman shinkafa na bakin tafkin Maga, waya ɗaya kan zaga gida guda, kuma sau da yawa ta hannu ce aka sayo a kasuwar Marwa ko Garwa.