Usman Nagogo: Sarkin da ya ɗaukaka Katsina a ƙwallon dawaki

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon Hawan Daushe a Zariya ya san mutanen Arewa ba baƙi ba ne a kan sirdi. Sai dai hawan ado daban, sukuwa da sanda ana bin ƙwallo daban. A wannan fage na biyu, wato wasan folo, har yau ba a gama magana sai an ambaci marigayi Sarkin Katsina Usman Nagogo.

An haifi Nagogo a 1905, shekara guda bayan hafsoshin Ingila sun shigo da folo Legas a 1904. Mahaifinsa, Sarki Muhammadu Dikko, mutum ne mai tsananin son dawaki, kuma shi ya dasa wasan a Katsina, ya sa 'ya'yansa da fadawansa suka koya. Nagogo ya riƙe muƙamin Wakilin Doka, wato shugaban 'yan dokan En'e, a 1929, ya zama Magajin Gari a 1937, sannan ya gāji mahaifinsa a 1944. Duk wannan nauyi bai raba shi da fili ba.

Kafin a gane girman abin da ya yi, sai an san yadda ake auna gwani. Kowane ɓangare mutum huɗu ne, a filin da tsawonsa ya kai yadi 300. Ana wasa zango-zango, kowane zango minti 7, kuma da hannun dama kaɗai ake riƙe sanda. Hukumar wasan kan bai wa kowane ɗan wasa maki, daga 2 ƙasa da sifiri har zuwa 10. Makin ba yawan ƙwallayen da mutum ya ci ba ne. Ana duba iya sarrafa doki, da kaifin bugu, da sanin dabarun wasa. A wasu gasannin akan tara makin mutum huɗun, ɓangaren da ya gaza sai a ba shi ƙwallaye tun kafin a fara, domin a daidaita ƙarfi.

Nagogo ya kai maki 7. Mafi yawan masu buga folo a duniya ba sa wuce 2 har su ajiye sanda, masu 10 kuwa 'yan ƙalilan ne, galibinsu 'yan Ajantina. Shi ya sa masana wasan a Najeriya suke ɗaukar makinsa a matsayin ma'aunin da ake gwada na baya da shi.

Wannan gwaninta ba daga sama ta faɗo ba. Bayanta akwai barga cike da dawaki, domin doki ɗaya ba ya jure wasa daga farko har ƙarshe. Akwai masu kula da su, da fili na dindindin, da abokan karawa kullum. Gidan ya ci gaba da fitar da mahaya: Janar Hassan Usman Katsina, gwamnan soja na Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967, da Sarki Muhammadu Kabir Usman, wanda ya hau gadon sarauta bayan rasuwar Nagogo a 1981, duk 'yan folo ne.

A yau ana gasa a Katsina da Kano da Zariya da Kaduna, amma manyan ƙungiyoyi sun koma sayen dawaki daga Ajantina, har da ɗauko 'yan wasa na haya. Kuɗin da za su shiga hannun makiyayin gida da baduku da mai sayar da harawa da dusa, kaso mai tsoka na ficewa waje. Yaron barga mai hazaƙa kuma da wuya ya samu doki da fili sai in wani attajiri ya ɗauke shi. Matuƙar ƙungiyoyi da masarautu ba su koma kan kiwon dokin gida da horar da yara ba, maki 7 na Nagogo zai daɗe yana jiran magaji.