Ƙira ko harhaɗawa? Ƙaramin jirgin karkara da kalmomin aikinsa a Hausa

Gabatarwa

Idan matashi ya fito da na'urar da ke tashi sama, masu ba da labari da Hausa kan ce "ya ƙera jirgi". Haka nan suke faɗa idan wata ma'aikata ta haɗa jirgin da aka aiko mata gunduwa-gunduwa cikin akwati. Ayyuka ne iri biyu, amma aikatau ɗaya ake ba su. A cikin wannan maƙala za mu bayyana yadda ake haɗa ƙaramin jirgin sama daga sassan da aka riga aka yanka, sa'an nan mu duba kalmomin da aikin yake bukata. Dalilinmu shi ne, a wannan sana'a, kalma marar tsayayyar ma'ana tana iya zama sanadin ran mutum.

1. Misalai biyu daga ƙasar Hausa

A shekarar 2007, Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi jirgi mai saukar ungulu da injin mota Honda Civic da tarkacen ƙarafa. Jirgin ya ɗaga sama kimanin mita 2. Siffar abin da awonsa duk daga kan mai shi suka fito. Wannan ita ce ƙira a ma'anarta ta asali, irin ta maƙeri wanda ke fitar da hauya daga guntun ƙarfe.

Misali na biyu ya girmi wannan. A Kaduna, kamfanin AIEP ya haɗa wa sojan sama na Nijeriya jirage 60 na koyon tuƙi, masu suna Air Beetle, waɗanda na farkonsu ya tashi a 1989. Asalinsu jirgin RV-6A ne na kamfanin Van's Aircraft da ke jihar Oregon ta Amurka, wanda a da ake sayar da shi sassa-sassa ga mai son haɗawa da kansa. An yi masa gyare-gyare a Kaduna, amma lissafin fiffike da na ƙarfin jiki an gama su tun kafin akwatin ya iso.

Hausa tana da aikatau da ya dace da aiki na biyu. Daga haɗa, ta hanyar ninki, ana samun harhaɗa (ko hahhaɗa), wanda ke nuna yawan sassa da maimaita aiki. Gina ya tafi ga laka da tubali, sassaƙa ga itace. Saboda haka muna ba da shawara a keɓe ƙira ga wanda ya zana jirgi ya yi lissafinsa, a bar harhaɗawa ga wanda ya bi zanen. Abin da Faransanci ke kira kit, kalmar da shi ma aro ta ya yi, za mu kira shi "kayan harhaɗawa".

2. Mene ne jirgin karkara?

Fassarar avion de brousse da ta fi saurin zuwa baki ita ce "jirgin daji". Amma a Faransancin Nijar, brousse yakan nufi duk inda ba birni ba, har da garuruwa da gonakinsu, alhali daji a Hausa wuri ne da ba kowa. "Jirgin karkara" ya fi kusa da abin da ake nufi: jirgi mai iya sauka a gajeren fili na ƙasa, ba kwalta, ba hasumiya. Mutanen yankin Tsarnawa da Malbaza ba baƙi ba ne ga irin wannan sauka, domin ƙananan jiragen mishan sun daɗe suna zuwa filin asibitin Galmi, wanda aka buɗe a 1950, fiye da kilomita 400 daga Yamai.

Misalin da ya fi shahara cikin masu zuwa a akwati shi ne STOL CH 701, wanda ya fara tashi a 1986. Mai zanensa, Chris Heintz, ya yi aiki a kan jirgin Concorde da kuma kamfanin Robin a Faransa kafin ya koma Kanada ya kafa Zenair a 1974. Jirgin na mutum biyu ne. Nauyinsa ba kaya bai kai kilo 300 ba, da kaya kuwa iyakarsa kusan kilo 500. Akan sa masa injin Rotax 912 mai ƙarfin doki 80, wanda ke shan man mota. A goshin fiffikensa akwai wani siririn falle da ke tilasta wa iska ta bi bayan fiffiken ko da gudu ya ragu zuwa wajen kilomita 50 a awa; shi ya sa gajeren fili yake isarsa. An harhaɗa irinsa a Afirka ta Yamma, a filin Kpong na ƙasar Gana, inda Patricia Mawuli ta koyi haɗa shi da tuƙa shi.

3. Matakan aikin

Akwatin yana zuwa da fallayen alminiyom (wanda ake kira sanholo ko goran ruwa), da ƙusoshin matsewa dubbai, da zane, da littafin umarni. Bisa al'ada ana farawa da linzamin wutsiya, domin ƙarami ne: idan hannu ya ɓata shi, asarar ba ta da yawa. Kowane sashe yana bin tsari guda. A jera shi bisa tebur madaidaici, a huda, a riƙe da maƙalai na wucin gadi, a duba awo, a kwance duka, a goge bakin kowace huda, a shafa maganin tsatsa, a mayar, sa'an nan a matse ƙusa. Gogewar nan ba ado ba ce: ɗan tsinin da ya rage a bakin huda shi ne inda tsagewa ke farawa idan jijjigar inji ta daɗe. Akwai kuma ƙa'idar cewa tsakiyar huda ta nisanci bakin falle da aƙalla ninki biyu na kaurin ƙusar.

Bayan wutsiya sai fukafukai, sai gangar jirgi, sai inji da farfela da wayoyi. Aikin yana cin ɗaruruwan awoyi. Daga nan a ɗora jirgin bisa ma'auni, hukumar jiragen sama ta ƙasa ta duba shi, a yi tashin gwaji. A Amurka, doka ta ce sai mai jirgi ya yi fiye da rabin aikin da hannunsa kafin a lasafta shi cikin jiragen masu sha'awa. Wannan tsanani yana da tarihi. A 1934 Henri Mignet ya wallafa littafin da ya koya wa jama'ar Faransa yin jirginsa Pou-du-Ciel a gida. Ɗaruruwa suka bi shi, wasu suka mutu saboda aibin da ke cikin zanen, har aka hana shi tashi a 1936.

4. Kalmomi masu sauƙi da masu haɗari

Sunayen sassa ba su da wuya, domin Hausa ta riga ta ɗauki jirgi a matsayin tsuntsu: fiffike, wutsiya, hanci, ƙafa. A kan wannan hanya muna iya cewa "ƙashin fiffike" ga longeron, "haƙarƙarin fiffike" ga nervure. Wahalar tana ga kalmomi uku da ba a nuna su da yatsa.

Ta farko ita ce décrochage. Ba mutuwar inji ba ce. Yanayi ne da fiffike ke daga goshi fiye da kima har iska ta daina binsa, jirgi ya soma faɗuwa ko da inji yana aiki. Muna ba da shawarar "suɓucewar iska". Wanda ya fahimce ta a matsayin matsalar inji zai ja hancin jirgi sama, alhali maganin shi ne ya sunkuyar da shi.

Ta biyu ita ce couple de serrage. A garejin mota, "ɗaure shi sosai" yabo ne. A jirgi, noti yana da adadin ƙarfin da aka rubuta masa, kuma wuce shi laifi ne daidai da gaza shi. "Awon ɗauri" ya fi "ƙarfin ɗauri" dacewa, don kada a ji kamar yawan ƙarfi ake nema.

Ta uku ita ce centrage. Mai jaki ya san mangala tana son daidaito tsakanin dama da hagu. Jirgi kuwa tsakanin gaba da baya ya fi bukatarsa: buhun albasa guda da aka tura can baya yana iya hana matuƙi sunkuyar da hanci. "Daidaiton gaba da baya" ya fi tsawo, amma ba ya ɓoye kome.

5. Abin da littafin umarni bai hango ba

Alƙaluman da kamfani ke bayarwa na iska mai zafin digiri 15 ne a bakin teku. Ƙonni tana kimanin mita 270 bisa teku, amma da ranar bazara mai digiri 42 iska takan yi shara-shara, har jirgi ya yi kamar yana tashi daga tudu mai mita 1300: gudunsa a ƙasa ya ƙaru, hawansa ya ragu. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska. Shan man mota kuma ba izni ba ne na zuba man ƴan ruwa-ruwa na kwalba, wanda ba a san abin da ya gauraya da shi ba. Duk littafin da za a rubuta da Hausa dole ya ƙunshi waɗannan, wato fassara kaɗai ba ta isa ba.

Kammalawa

Bambanta ƙira da harhaɗawa ba rage darajar kowa ba ne. Mai ƙira yana bukatar lissafi da wurin gwaji; mai harhaɗawa yana bukatar biyayya ga awo da rubutu. Masu walda da makanikai na Ƙonni da Tawa da Maraɗi suna da hannun yin aiki na biyu, amma littattafansa da Ingilishi ko Faransanci suke. Kalmomin da muka kawo shawara ce kawai. Mataki na gaba shi ne a gwada su a gareji, a ga waɗanda masu sana'a suka karɓa da waɗanda suka musanya da nasu.