Sweet Sweet Codeine

Sweet Sweet Codeine fim ne na binciken ƙwaƙwaf da sashen Africa Eye na BBC ya fitar ranar 30 ga Afrilu, 2018, kan shan maganin tari mai kodin a Najeriya. 'Yar jarida Ruona Meyer ce ta gabatar da shi. An ɗauki wani ɓangarensa a Kano, inda aka nuna matasa ɗaure da sarƙa a cibiyar gyaran hali ta Ɗorayi. Da ɓoyayyiyar kyamara kuma aka kama wasu ma'aikatan kamfanonin magani suna sayar da kwalaben ta bayan fage.

Yadda aka karɓe shi

Washegari, Ministan Lafiya Isaac Adewole ya sanar da haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. A cikin watan Mayun, hukumar NAFDAC ta rufe kamfanoni uku, Emzor na Legas da Bioraj da Peace Standard na Ilori, daga baya ta buɗe su. A 2019 fim ɗin ya shiga takarar lambar yabo ta International Emmy.

Amma saurin matakin ya jawo ce-ce-ku-ce. Tun 2017 Majalisar Dattawa ta ji cewa ana shan kwalba miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa, sai mutane suka riƙa tambayar me ya sa aka jira kafar waje ta yi magana. Ma'aikatar lafiya ta ce dama tana kan shirin. Wasu masana kuma sun yi gargaɗin cewa haramci ba tare da kula da waɗanda suka kamu ba zai tura cinikin kasuwar bayan fage ne, ko ya karkatar da matasa ga tiramadol.