Daga Borin Jini zuwa Sarƙewar Numfashi: Matakan Alaji da Hanyoyin Magance Su

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan lalurar da likitoci ke kira alaji, wato boren da jikin mutum ke yi wa abin da ba ya cutar da sauran jama'a. Ta nuna cewa kalmomin da Bahaushe ke amfani da su sun tsaya a kan abin da ido ke gani a fata, alhali matakin da ke kisa yana aukuwa ne a maƙogwaro da hanyoyin jini. An fayyace matakan lalurar da maganin kowanne, sannan an jawo hankalin masana harshe ga giɓin suna da ke akwai.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa abin da ya karɓi wani yana iya ƙin karɓar wani. Yakan ce ƙwai bai karɓe shi ba, ko jikinsa ba ya son wani magani. Idan kuwa fata ta yi ruɗu-ruɗu tana ƙaiƙayi, sai ya kira abin borin jini, kamar yadda yake cewa tukunya ta yi bori idan ta tafasa ta tumbatso. Siffantawar ta dace, sai dai sunan kan sa a ɗauki lalurar baki ɗaya a matsayin ciwon fata mai wucewa, kuma wannan fahimta tana iya jawo asarar rai.

2.0 Yadda Alaji ke Faruwa

Wani likitan yara a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Clemens von Pirquet, shi ya ƙirƙiro kalmar alaji a 1906. Kafin nan, a 1902, Charles Richet da Paul Portier na Faransa sun lura cewa karen da aka yi wa allurar wani dafi a karo na biyu yakan mutu nan take, ko da dafin ɗan kaɗan ne. Suka kira wannan yanayi anafilaksis, kuma a kansa Richet ya sami kyautar Nobel a 1913.

Abin da ke faruwa shi ne, garkuwar jiki takan yi kuskuren ɗaukar abu marar illa a matsayin abokin gaba. A haɗuwar farko takan ƙera wani sinadari mai suna IgE ta ajiye. A haɗuwa ta gaba, sinadarin yakan sa wasu ƙwayoyin jiki su saki histamin da makamantansa, waɗanda ke buɗe hanyoyin jini, su kumbura nama, su matse hanyar iska. Daga cikin abubuwan da ke tayar da shi akwai gyaɗa, riɗi, ƙwai, madara, kifi, harbin ƙudan zuma da rina, da magunguna irin su fenisilin da Septrin. Ƙaiƙayin da kulorokwin ke jawo wa mutane da yawa a Afirka kuwa, galibi ba alaji ba ne na haƙiƙa, duk da kamannin da ke tsakaninsu.

3.0 Mataki Mai Sauƙi

Alamominsa su ne atishawa, yoyon hanci, ƙaiƙayin ido, da borin jini a fata, yayin da numfashi ke tafiya daidai. Abu na farko shi ne nisantar abin da ya tayar da shi. Idan harbin zuma ne, a cire ƙarin da sauri, a ɗora tsumma mai sanyi. Magungunan da ke dakushe histamin sun wadatar a nan. Piriton yana aiki, amma yana sa barci, don haka bai dace da mai tuƙi ba. Setirizin da loratadin ba su cika sa barci ba. Idan leɓe ko fatar ido sun kumbura, ko da numfashi lafiya yake, ya kamata a zuba wa mutum ido sosai, domin lamarin yana iya hauhawa cikin mintuna.

4.0 Mataki Mai Tsanani

Anafilaksis yakan zo da gaggawa bayan cin abinci, shan magani, allura ko harbi. Ana gane shi da kumburin harshe ko maƙogwaro, dusashewar murya, wahalar haɗiya, numfashi mai fito, jiri, ruɗewa ko suma. Ba dole ne a ga komai a fata ba. Wani yakan faɗi ba tare da ƙurji ko ɗaya ba.

Maganinsa na farko shi ne allurar adirenalin a cikin naman cinya ta gefen waje. Tana matse hanyoyin jini, ta ɗaga hawansa, ta buɗe hanyar iska. Ma'aunin baligi shi ne miligiram 0.5, yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 miligiram 0.3, wanda bai kai 6 ba miligiram 0.15. Idan ba a ga sauƙi ba bayan minti 5, ana maimaitawa. Piriton ba ya maye gurbinta, domin yana rage ƙaiƙayi ne kawai, ba ya buɗe maƙogwaro.

Wanda ke kusa da majinyaci ya kwantar da shi rigingine, ya ɗaga ƙafafunsa. Idan numfashi ne ya fi wahala, a bar shi ya zauna da ƙafafu a miƙe. Mai juna biyu kuma a kwantar da ita a gefen hagu. Kada a tsayar da shi ko a sa shi tafiya, domin jini na iya gaza komawa zuciya. Kada a ɗura masa manja, madara ko jiƙo, gudun shaƙewa. A garzaya da shi asibiti a kwance, kuma ko ya farfaɗo a bar shi ƙarƙashin kulawa na sa'o'i, saboda alamomin kan dawo a karo na biyu.

5.0 Rigakafi da Giɓin Suna

Wanda ya taɓa shiga wannan hali wajibi ne ya san abin da ya jawo masa, ya sanar da iyalinsa da duk ma'aikacin lafiyar da zai ba shi magani. Akwai kuma allurar adirenalin mai siffar alƙalami, irin su EpiPen, wadda mutum ke iya yi wa kansa ta saman tufafi.

A ɓangaren harshe, kalmar anafilaksis tana da nauyi a bakin Bahaushe, borin jini kuma ba ya ɗauke da gargaɗi. Uwar da ta ce wa mai kemis ɗanta yana borin jini, ƙwaya za a miƙa mata. Saboda haka ake ba da shawarar amfani da "borin jini mai sarƙe numfashi" a shirye-shiryen rediyo da fassarar takardun asibiti, domin ya gina sabuwar ma'ana a kan sunan da aka riga aka sani.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa alaji lalura ɗaya ce mai matakai, kuma abin da ke raba mai sauƙi da mai kisa shi ne halin numfashi, murya da hayyacin majinyaci. Na farko ƙwaya ke kwantar da shi, na biyu kuwa sai adirenalin a kan lokaci. Samar da sunan da zai bambanta su a bakin jama'a aiki ne da ya rataya a wuyan masana Hausa tare da likitoci.